Ƙosai a Takardar Tiyumba

Tiyumba ta daina barci tun watan da uwarta ta rasu. Shekarunta goma sha shida, tana sakandaren gwamnati a nan Yendi. Yarinyar da a da sai an ce mata "ke, ya isa" don surutu, ta koma zama a aji tana kallon bango, kamar shi ne malamin.

Ubanta, Azindo tela, ya lura. Ya sayo mata maganin ƙarin jini. Mu nan ai ciwon da bai kumbura ba, bai yi ruwa ba, to ƙarancin jini ne, ko shagwaɓa.

A makarantar akwai wani koren akwati, an kafe shi jikin bishiya gaban ofishin hedimasta, da kwaɗo da 'yar kafar zura takarda. Wata ƙungiya ce ta kawo shi tare da Madam Ajowa, wadda ta koyi aikin sauraron yaran da abu ya tsaya wa a rai. Makaranta goma sha biyu gare ta, babur ɗaya. Duk Laraba takan zo ta buɗe, ta karanta, ta ja mai takarda gefe su zauna. Wanda nasa ya yi nauyi ta kai shi asibiti da kanta.

Shekara biyu, ƙungiya ta naɗe tabarmarta. Manya suka ce su za su ci gaba da zuba wa babur mai. Aka yi taro, aka yi tafi, aka sha lemo. To babur dai ba ya shan tafi. Madam ta yi wata uku tana zubawa daga aljihunta, sai aka mayar da ita Kumasi koyar da lissafi. Mabuɗi ya bi ta a jaka.

Wani malami ya ce, "Masta, a cire akwatin nan, ko a gaya wa yara babu mai buɗewa."

Hedimasta ya ce, "A cire? In baƙi sun zo daga Tamale me zan nuna musu? Ko kai za ka manne a bishiyar a ɗauke ka hoto?"

Har sabon fenti ya sa aka yi wa akwatin.

Tiyumba ba ta san da wannan ba. Ta rubuta, ta zura. Ran Laraba ta goge kayan makaranta, ta zauna gindin bishiya tana kallon ƙofa. Mma Sanatu mai ƙosai tana hango ta daga bakin kasko.

"Ke 'yar tela, wane mai sa'a ne ake jira haka, ko ƙosai ba a ci?"

"Madam nake jira, Mma."

"Allah ya kawo ta. Ungo biyu, jira ba ya son yunwa."

Haka Laraba ta bi Laraba. Ranar jarrabawa Tiyumba ta miƙe a tsakiyar aji, ta cire takalma ta jera su a kan tebur, ta fita. Sai bayan kwana biyu aka tsinto ta a hanyar Saboba tana magana da uwarta. Dangi suka ce iska ce. Aka kai ta wurin wani mai magani a ƙauye, ya sa mata mari a ƙafa don kada ta gudu. Duk Juma'a Azindo kan rufe shago ya je.

Da damina ta yi nisa, gara ta yi abin da hedimasta bai yi ba, ta buɗe akwati ta ƙasa. Takardu suka zubo. Mai gadi ya tattara kwando guda ya kai wa Mma Sanatu, ta ba shi koko. Daga shi har ita babu wanda ya iya karatu. Ta dai yaba takardar, wai tana shan mai.

Wata Juma'a Azindo ya tsaya sayen ƙosan sidi biyar zai kai wa 'yarsa. Ya karɓi ƙunshin, ya tsaya cak. Rubutun 'yarsa ne a takardar; hannun da ya yi shekara uku yana rubuta masa awon masu ɗinki ba zai ɓace masa ba. Ya juye ƙosan a hula, ya karanta ta cikin maiƙo:

"Madam, wannan ta tara ke nan. Na san yaranki suna da yawa. Ina jin muryar mamata tana kirana, ina tsoro. Ba na so in gaya wa Baba, nasa ma ya ishe shi. Zan jira Laraba."

Ya ce, "Mma Sanatu, ina sauran?"

"Cinye wannan tukuna, mai haɗama."

"Takardun nake nufi."

"Af, tun wancan makon nake ƙunshi da su. Rabin Yendi sun ci ƙosai a kai. Ko jiya hedimasta ya aiko an sai masa na sidi goma. Me aka rubuta ne?"

Ya karanta mata. Ƙosan da ke kasko ya ƙone tana kallo. Ta jawo kwandon, saura kaɗan a gindi. Azindo ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga biyu, ya ɗaga biyar. Babu ta Tiyumba. Kowace da hannunta daban, kuma masu hannun suna can cikin aji.

Da ya isa ƙauye ya same ta a inuwa, mari a ƙafa. Ta ɗago.

"Baba, yau Laraba?"

"Juma'a ce, 'yata."

"To, zan jira."

Jama'a, ciwon rai ciwo ne, kuma akwati ba ya jin magana, mutum ke ji. In an ce wa yaro ya faɗi damuwarsa, a ajiye masa mai sauraro, a riƙe mai sauraron da albashinsa da man babur ɗinsa. Iyaye kuma ku taka zuwa makaranta ku tambaya, mabuɗin yana hannun wa?