Wasiƙa Daga Gehuru

"Ku yi shiru, an zo kan wasiƙu!" in ji Yalwa mahauci, ya ƙara muryar rediyo. 'Yan rumfar albasa a kasuwar Aliero suka matso. Ba sa wasa da shirin Ɗan Birni na rediyon ƙasa, don ya iya ba da dariya.

"Ga wata daga sabuwar jihar Kebbi," in ji Ɗan Birni. "Wai Magaji Gehuru. Matarsa Zinatu na kwance, tana roƙon ɗanta ya dawo gida. Ku ji Hausa: 'ciwon yai tsanani ƙwarai, wanga karon.' Ina ne ma Gehuru? Akwai ta a taswira?" Ya tuntsire da dariya, ya saki kiɗa.

Kowa ya juya ga tsoho Magaji, wanda ke ɗinke buhun albasarsa.

"Baba, wanga wulaƙanci na!" in ji Yalwa. "Mutumin da bai san garinku ba!"

Magaji bai ɗago kai ba.

"Ya san shi. Can anka haihe shi. Shi na ɗan da Zinatu ka nema."