Jirgin da Bashir Ya Kife

A ɗakin jarrabawar nan na Yelwa, ko ƙuda ya leƙa takardar maƙwabci sai Malam Bashir ya rubuta sunansa. Yana taƙama ba a haifi mai satar amsar da zai wuce shi ba.

Yau idonsa na kan Yasira. Sau uku lissafi yana kayar da ita. In ta sake faɗuwa, makarantar nas ta tafi ke nan, ya rage sai suyar kifi a bakin ruwa. Kuma Allah cikin ikonsa, a makon jarrabawa tsoron Allah ya kama ta: ga niƙabi, ga safar hannu, a zafin Yauri.

Ya lallaɓa bayanta. Tambaya ta bakwai: a nemo layin da zai sare y = 2x + 3 a tsaye, ya bi ta ɗigo (4, 1). Yarinyar da a da bakwai sau takwas ke sa ta zazzaɓi, ga ta tana zuba amsa kamar mai zuba gero a buhu. Har da jan layi biyu a ƙarƙashi.

Ya duba ƙasan benci. Ya girgiza jakarta. Ko ƙyallen takarda babu.

To hadda ce, in ji shi a ransa. Mai hadda kuwa kaɗan ake taɓa shi ya rushe. Ya sunkuya, ya dafa teburin, ya yi muryar mai tausayi.

"Ƙanwata, gyara. Gangarar layin farko biyu ce, ta sabon kuwa rabi. Goge wannan ɗebewar."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ji kake ƙwas! Gefen rula ya sauka daidai kan gaɓoɓin yatsunsa.

"Ka kife jirgi ka bar alama? In ka juya biyu ta zama rabi, sai ka sa mata ɗebewa. Daƙiƙi, har yau?"

Ɗalibai suka zuba ido su ga yadda zakin Yelwa zai yaga takarda.

Zakin ya tura hannu a hammata, gwiwoyinsa suka sauka ƙasa da kansu.

"Ina kwana, Malama Uwani," in ji shi ga mai niƙabin, innar Yasira, wadda ta koya masa lissafi a aji uku.