Kankare Ba Ya Jira

Namiji ke nan! Sai da Injiniya take tsakiyar zuba kankare a bene sannan saurayinta, kuma abokin aikinta, ya hauro da maganar aure.

"Mama ta amince," ya ce yana murza makulli. "Amma ta ce surukarta ba za ta dinga hawa tsani a gaban leburori ba. Na samo miki kujera a ofis."

Ta dube shi. Shekara da shekaru ta yi tana faɗa da manya kafin su ɗauki 'yan mata koyon aikin nan, har shi ya taya ta. Ga su can ƙasa, hulunan kwano sun yi musu yawa.

"Kai me ka ce mata?"

Gogan naku, mai faɗin kafaɗa a banza, ya tsura wa takalminsa ido.

"Ranar da na sauka za a sallami 'yan matan nan. Ka sani."

"Haba, ƙanwata..."

"Matsa, yallaɓai, kankare ba ya jira."

Ya sauka a hankali, yana jiran ta kira shi. Ta buɗe baki, sai ta ce a ƙaro ruwa.