Gadon Sa'ada

Malam Zubair kafinta yana taɓa gadon amarya Sa'ada, gefensa ya marmashe. Mahaifinta ne ya kira shi daga Gwarzo zuwa Kabo, don damina ɗaya gadon ya kumbura.

"Alhaji, wannan ba maɗaci ba ne," in ji Zubair. "Garin katako ne matsattse, irin wanda ake jibgo mana daga China. Wanda ya cuce ku cikin wannan tsadar, ku kai shi gaban alƙali. Ai Shari'a ta zo!"

Alhaji ya kawar da kai. "Mun so, Malam. Gwaggonta ce ta hana. Ta ce tunda a shagonka ta saya bara, a fara kiranka ka gani."

Zubair ya sake duban gadon. Da ƙyar ya ce, "A nemo mota a ɗauke shi, Alhaji. Zan sake muku wani."