Numfashin Aro

Tun da aka kafa dokar busa, duk mai ciwon ƙirji sai ya hura bututun da hukuma ta kafe a bangon ɗakinsa kafin hantsi. Wanda bututun ya jiyo masa ƙwayar nan mai taurin kai, mai shiga huhun masu asma, shekara biyu zai yi a asibiti, a bayan gilashi.

Malam Isiyaku ya shekara talatin da asma, yana numfashi da taimakon na'urar iska da hukuma ta ara masa. Da tarinsa ya sauya murya, wuyansa ya soma rama, matarsa Hansatu ta ce gilashi bai taɓa warkar da kowa ba. Ita ta riƙa hura bututun a madadinsa, wata huɗu cur.

Ranar Laraba ma'aikaciyar lafiya ta yi sallama da fara'arta.

"Mama, albishirinki! Huhun Baba ya koma garau. Likitoci har taro suka yi a kansa."

"Alhamdu lillahi," in ji Hansatu.

"Shi ya sa aka ce in ɗauke na'urar iskarsa yau. Wata tsohuwa na can tana jira."

Daga ɗaka Malam ya tsinke da tari, dogo, irin mai ƙarewa da jini a tsumma. Ma'aikaciyar ta ɗaga kai.

"Baƙo kuka yi?"

Hansatu ta tsaya har tarin ya lafa, idonta a ƙasa.

"Ba baƙo ba ne, 'yata. Zauna. Bari in haɗa masa kayansa na tafiya asibiti."