Gwajin Iri

Ɗansa bai ko sauke jakar cin rani ba, tsohon ya gitta sanda a ƙofar zaure.

"Ba ka shiga ɗakin matarka sai an auna jininku."

"Baba, lahiyata lau. Ko ƙaiƙayi ba ni ji."

"Geron da ƙwaro ya cinye ta ciki ma lahiya lau yake ga ido. Sau biyu kana dawowa daga Kurmi, sau biyu muna rufe jinjiri. Ba a yin na ukku ina raye."

Duk garin Tsamaye an haddace kirarin tsohon nan. Fari uku ya gani bai sayar da ko akuya ba. Bai taɓa shuka irin da bai jiƙa a tsumma ya ga tsironsa ba. Allura kuwa ba ta taɓa huda fatarsa ba.

A asibitin Sabon Birni ɗan ya toge don kunya, matarsa ta sunkuyar da kai. Sai tsohon ya naɗe hannun riga, ya miƙa wa malamar asibiti damtsen da ya shekara saba'in yana taƙama da shi.

"Fara da ni, ɗiyata, su gani ba a mutuwa."

Nasa ya fito fes. Ɗan da matarsa aka samu da tunjere, ciwon da ake ɗauka wajen saduwa mai kashe jarirai, aka yi musu allurai.

Daminar ta ƙi, ta bayanta ma ta ƙi, gero ya ƙone a tsaye. Amma da kaka ta biyun aka yi suna a gidan. Tsohon yana ƙofa, jika a cinya, yana nuna wa kowa inda allura ta shiga.

"Bana duk garin nan, wa ya yi girbi in ba ni ba?"