Uwar Garke

"Yau sai ta bar gidan nan," in ji maigida, yana laluben wayar wutar.

Mako uku ke nan da ya kinkimo tsohuwar saba, babbar kwamfutar kamfanoni da ake ce wa uwar garke. Mai shago ya rantse masa cewa furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, kai ashirin da huɗu gare ta, ta laftof ɗinsa kuwa takwas kacal, ga kuma sauƙin kuɗi. Ashe araha ba ta ado. Da ya ba su bidiyo ɗaya su tace, laftof ta gama har ya sha shayi, uwar garke tana can tana gurnani kamar injin markaɗe, tana zuƙar wuta, tana huro zafi.

Matarsa ta sha gabansa. "Kada ka kashe ta, Baban yara. Bar ta zuwa gobe."

"Ke da kika ce ƙararta na sa miki ciwon kai?"

"Na janye. Ta fi laftof ɗinka aiki."

"Wane aiki? Da agogo a hannu na gwada su."

Sai ya ji wani ɗan kuka siriri. Ya leƙa bayan injin. Daidai inda iska mai zafi ke fita, kwali ne da tsumma da ƙwai talatin. Bakwai sun fashe, 'yan tsaki suna miƙa wuya.

"Kai ka ce sunanta uwar garke," in ji ta. "To, ga garken. Laftof ɗin taka nawa ta ƙyanƙyashe?"